Jan Zanen da Ba a Jiƙa Ba

Akwai wanda ya yi ƙarya a cikin ikilisiyar nan, kuma a gaban dattawa ya yi ta. Ba zan kama suna ba, mai abin ya san kansa. An kira shi da ɗan'uwansa don a sasanta su, ya buɗe baki ya ce, "Na yafe," ya miƙa hannu, har da 'yar dariya. Aka yi addu'a, aka ce amin, kowa ya koma gida yana murna. Da Lahadi ta zagayo ya zauna a bencin gaba, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa. Alhali abin yana nan a cikinsa ɗanye shar, ko ruwa bai taɓa gani ba. Kada kowa ya waiwaya ya dubi na kusa da shi. Ku saurari misali.

Akwai wata mace a wani ƙauye bisa duwatsu, inda sanyi yake shiga har ƙashi, sunanta Afiniki. Tana da ƙanwa guda ɗaya, Kezaya, wadda ta yi aure a birni.

Uwarsu ta kwanta ciwo, ciwon kuwa ya daɗe. Afiniki ce ta yi jinya. Ita ce mai juya ta, ita ce mai ɗura mata kunu, ita ce mai wanke tsumman da ba a so a ambata. Aka yi ta aika wa Kezaya saƙo. Yau yaro ba shi da lafiya, gobe maigida ya yi tafiya, jibi hanya ta lalace. Abin da ya iso ƙauyen a madadinta shi ne zane, ja wur, sabo dal, a hannun direban motar kasuwa, wai Inna ta ɗaura in ta warke.

Inna ba ta warke ba. Aka ninke zanen aka jefa ƙasan akwati.

Ranar jana'iza Kezaya ta zo, ta fi kowa kuka. Afiniki ko kallonta ba ta yi ba. Dattawa suka lura, suka kira su biyun bayan an watse. Kezaya ta durƙusa ta ce, "Yaya, na yi laifi. Ki yafe mini."

Afiniki ta ce, "Ba komai. Ya wuce."

Wani dattijo ya dube ta ya ce, "'Yata, ba abin da kike so ki faɗa mata? Ga ta nan, ga mu nan. Ki faɗa a ji."

Ta ce, "Babu, Baba. Ya wuce."

Maganar kuwa tana nan, ba ta wuce ba. Amma gari ya cika da baƙi, ga shinkafa a wuta, wa yake son a ce da shi mai riƙo? Aka yi addu'a, Kezaya ta koma birni da sauƙin zuciya.

Aka bar Afiniki da ubansu. Tsoho ne ƙwarai, yanar ido ta rufe masa gani. Ba ya rarrabe fuska, ba ya rarrabe kore da shuɗi, duk duhu ne a wurinsa. Abu ɗaya ya rage masa: fari. In abu fari ne tas, kuma haske ya faɗa a kai, yakan gan shi kamar wata a bayan gajimare.

Da sanyi ya gabato, Afiniki ta buɗe akwatin uwarta. In ban da jan nan, zannuwan duk sun tsufa, ba wanda zai ɗauru. Sai ta ce za ta yayyanka su ta haɗa wa tsohon bargon ƙyallaye, ta shimfiɗa auduga a tsakani, ya riƙa rufa. A cikin kayan akwai wani farin gwado. Uwarsu ce ta kaɗa zarensa da mazarinta tun tana budurwa, aka saƙa mata, ta zo da shi gidan miji. Shi kaɗai ne abin da ya fito daga yatsunta da ya rage a duniya.

Tsohon ya shafa shi, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe. Sa'an nan ya ce, "Wannan ki sa shi a tsakiya, kada ki yanka."

Ta ce, "To, Baba."

Ya ce, "Na Kezaya fa? Jan nan da ta aiko?"

Afiniki ta yi kamar ba ta ji ba.

Ya ce, "Ki kewaye farin da shi. Ba ta samu zama kusa da uwarta ba, bari zanenta ya zauna."

To, Afiniki ba baƙuwar allura ba ce. Uwarta ta koya mata tun tana ƙarama cewa ba a haɗa ƙyalle da ƙyalle sai an san halin kowanne. Tsohon zane ba abin tsoro ba ne, ya sha ruwa ya sha sabulu, ya zubar da abin da zai zubar. Sabo shi ne abin tsoro. Sai an jiƙa shi shi kaɗai, a ruwan sanyi da gishiri, a matse, a zubar, a sake sabon ruwa, a yi ta yi har ruwan ya fito garau. Zai ɗan koɗe, ba makawa. Amma daga nan ya zama ɗan gida, ko kusa da madara ka ajiye shi ba zai ɓata ta ba.

Ta yanki ɗan bakin jan zanen, ta jefa a ƙoƙo da ruwa. Kafin ta ɗauko almakashi ta dawo, ruwan ya zama kamar zoɓo.

Ta tsaya tana kallon ƙoƙon. Ta sani. Kada wani ya ce mini ba ta sani ba.

Ta ce a ranta, "Wato yanzu in tsuguna in yi ta wanke zanen Kezaya, ruwa bayan ruwa, kamar yadda na tsuguna na yi ta wanke tsumman Inna ni kaɗai? Da gishirina? Da hannuwan nan?" Ta kuma ce, "In ya koɗe ta zo ta gani, za ta tambaya. In ta tambaya bakina zai buɗe. In kuwa ya buɗe, ba mai rufe shi."

Sai ta kai ƙoƙon bayan ɗaki ta watsar. Ta ce, "Ba sai an wanke bargon ba. A riƙa kakkaɓewa ana shanyawa a rana, ya isa."

Ku ji fa. Bargon tsoho mai rawar hannu, mai tari, mai shan kunu a kwance, wai ba sai an wanke ba! Amma haka mutum yake. In ba ya son aiki mai ɗaci, sai ya yi wa kansa alkawarin cewa ruwa ba zai taɓa sauka ba.

Ta zauna ta yi ɗinki. Gaskiya ta yi aiki. Ta jera ƙyallayen, na zuwa gona, na zuwa sujada, na goyo, kowanne da inda ya dace. Ta shimfiɗa auduga, ta bi da allura layi layi don kada ta dunƙule, ta kalmashe baki. Farin gwado a tsakiya, jan zane ya kewaye shi kamar katanga. Matan zumuntar ikilisiya suka zo gani suna tafa hannu. Wata ta ce, "Afiniki, wannan ai ba na rufa ba ne, na ratayewa ne a yi ta kallo." Ta yi murmushi. Ita kaɗai ta san abin da ke kwance a ciki.

Tsohon kuwa ya sami abin yi. Kowace safiya in an buɗe ƙofa haske ya shigo, sai ya lallaɓa bargon bisa gwiwoyinsa, ya sunkuya yana nema, har farin ya bayyana masa. Sai ya ɗora tafin hannu a kai ya ce, "Ga uwarku nan." Sa'an nan ya karɓi kunu. In bai gan shi ba, ba ya karɓa.

Ana tsakiyar sanyi zazzaɓi ya kama shi. Aka aika birni. Wannan karon Kezaya ba ta aiko da komai ba, ita ta zo da kanta, da 'yar jakarta, ta ce ba za ta koma ba sai Baba ya tashi.

Da ta shiga ɗakin ta ga bargon, ta tsaya cik. Ta shafa jan, ta shafa farin, hawaye suka zubo. Ta ce, "Yaya, har kin sa nawa jikin na Inna? Ashe da gaske kin yafe mini."

Afiniki ta ce, "Baba ne ya ce a sa."

Kezaya ba ta ji sanyin muryar ba, ko kuwa ta ji ta ƙi ji. Ta ce, "Daga yau ki huta, kin yi naki. Shara, girki, wanki, duk ni ce. Bargon nan ma in ya yi datti ni zan wanke."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma nawa ce? "Kada ki sa masa ruwa, janki yana zuba." Shi ke nan. Amma in ta faɗa, sai an tambaye ta me ya hana ta jiƙa shi tun farko. Sai ta yi dariya ta ce, "Ke da wanki? Da wannan hannun na 'yan birni mai kama da tuwon shinkafa? Ki dai fara da wanke cokali mu gani."

Kezaya ta yi dariya ita ma, ta ce, "Za ki sha mamaki, Yaya."

Wata safiya Afiniki ta ɗauki dawa ta tafi niƙa, injin kuwa yana ƙauyen gaba. Bayan fitarta tsohon ya yi amai, ya ɓata bargon tun daga sama har ƙasa. Kezaya ta share shi, ta canja masa riga, ta rufa masa wani tsohon mayafi, barci ya ɗauke shi. Ta ce a ranta yau Yaya za ta ga aiki. Ta ɗora ruwa a wuta ya yi zafi sosai, don ƙarni ya fita. Ta kai babban baho bakin rijiya a bayan gida, ta zuba ruwan, ta kaɗa sabulu ya yi kumfa, ta danna bargon ciki, ta ɗora dutse a kai ya jiƙu da kyau. Ta koma ta yi shara tana 'yar waƙa.

Wa ya gaya mata? Ba wanda ya gaya mata.

Rana ta take tsaka Afiniki ta dawo da gari a ka. Ta leƙa ɗaki, ta ga tsohon da mayafi. Ta ce, "Ina bargon?"

Kezaya ta ce, "Yana bayan gida yana shan ruwan zafi. Ba kin ce ban iya ba?"

Kwanon garin ya faɗi. Afiniki ta ruga, Kezaya na biye da ita. Kumfar da ke bahon ta zama ja. Afiniki ta ture dutsen, ta cusa hannu ta jawo bargon, ruwa yana tsiyaya kamar an yanka akuya. Ta buɗe tsakiya. Farin gwadon da uwarsu ta kaɗa ya koma launin ruwan da aka wanke nama a ciki.

Sai bakin da aka rufe a gaban dattawa ya buɗe.

"Kin kashe ta kina birni, yanzu kin biyo ta har nan kin ƙarasa! Wa ya kira ki? Lokacin da ake kiranki ina kike? Tana kiran sunanki har muryarta ta dushe, ni ina share mata baki ina cewa kina hanya. Kina hanya! Zane kika aiko mata. Zane zai juya ta? Zane zai kwashe mata kashi? Ko da kika tashi saye ma, na banza kika saya, mai zuba!"

Kezaya ta tsaya tana kallon bahon. Can ta ce, "Kin san yana zuba?"

Afiniki ta sunkuya tana matse bargon.

"Yaya, tambayarki nake. Kin san yana zuba kika ɗinka shi jikin na Inna? Na ce miki zan wanke, kika yi mini dariya?" Ta share ido da bayan hannu. "Da kin zage ni ranar nan a gaban dattawa. Da kin mare ni. Wallahi da na tsaya na sha, don na ci a mare ni. Amma kika ce ya wuce. Ni kuwa wawuya na yarda."

Suka tsuguna su biyu a bakin rijiya, ɗaya na ja ɗaya na zubawa. Yanzu aka tuna da ruwan sanyi. Yanzu aka ɗauko gishiri, aka juye duk abin da ke gidan. Aka matse lemon tsami, aka cuɗa, aka ɗauraye, aka sake, har fatar yatsunsu ta yi yaushi. Aikin da mace ɗaya za ta yi wa ƙyalle ɗaya a ƙaramin kwano, ga mata biyu suna yi wa bargo guda, kuma a banza. Zaren da aka kaɗa da hannu yana da ƙishi. Abin da ya sha ya sha.

Bargon ya bushe a inuwa. Da safe tsohon ya ɗan ji sauƙi, ya ce a ba shi kayansa. Suka shimfiɗa masa bisa gwiwoyi, suka buɗe ƙofa. Ya sunkuya yana nema. Ya nema dama, ya nema hagu.

Ya ce, "Kun juya mini shi ne?"

Suka juya. Ya nema.

Ya ce, "Hasken ɗakin nan bai isa ba. Ku fitar da ni."

Suka kama shi, ɗaya a kowace kafaɗa, suka zaunar da shi a tsakar gida, rana tana dukan bargon sosai. Ya kai fuskarsa har tana taɓa gwadon. Yatsunsa sun san saƙar, suna kanta. Idon ne bai ga komai ba.

Ya ɗaga kai a hankali ya ce, "To. Ashe idon ya ƙarasa mutuwa."

Afiniki ta dubi Kezaya. Kezaya ta dubi ƙasa. Ga wata ƙofar kuma a buɗe: "Baba, ba idonka ba ne, mu ne." Amma wadda ta faɗa, sai ta faɗi sauran. Ba wadda ta faɗa.

Aka kawo kunu, ya ce ba ya jin yunwa. Daga ranar bai ƙara neman komai da ido ba. Ko an buɗe ƙofa ba ya juyowa. Kafin sanyin shekarar ya fita aka kai shi kusa da matarsa. Kezaya ta koma birni a motar farko, ba ta kwana ba. Bargon yana nan a akwatin Afiniki, ba mai rufa da shi. Jan kuwa ya daina zuba. Ko a tafasasshen ruwa ka sa shi yanzu, ba abin da zai fito. Ya riga ya zubar da nasa duka a kan farin.

Ma'anar wannan misali ita ce: bargon gidanka ne, ko zuriyarka, ko ikilisiyar nan da muke zaune a ciki. Allah ne yake jera mu, ba mu muke zaɓen wanda za a ɗinka kusa da mu ba. Tsofaffin zannuwan su ne ɓacin ran da aka riga aka faɗa, aka yi kuka a kai, aka zubar. Waɗannan ba sa cutar kowa, ado ma suke yi. Jan zanen shi ne abin da aka yi maka, ya yi maka zafi, ka ninke ka jefa ƙasan akwati, ka ce ya wuce.

Ku lura, ban ce a jefar da jan ba. Tsohon ya yi daidai da ya ce a sa shi. Ɗan'uwanka da ya yi maka laifi yana da wuri a bargon, kusa da tsakiya ma. Abin da aka ce shi ne a jiƙa tukuna. Ruwan sanyi shi ne ka bari fushinka ya huce kafin ka je. Gishiri shi ne gaskiya, tana da zafi a kan rauni. Shi kaɗai a kwano, wato kai da shi, ba a kasuwa ba, ba a bakin matan unguwa ba. Ka ce masa, "Abin da ka yi ya ƙona ni, ga yadda ya ƙona ni." Ya yi kuka, ka yi kuka. In ruwan bai fito garau ba, gobe ku sake. Za ku ɗan koɗe ku biyun, girman kai zai ragu. Sa'an nan in ka ce "na yafe," maganar tana da nauyi a gaban Allah.

Amma mu ba ma son wannan. Mun fi son sulhun minti kaɗan, a sha hannu, a yi amin, a tafi cin shinkafa. Muna kiran shirunmu haƙuri. Ba haƙuri ba ne, ajiya ce. Kana cewa ba za a wanke bargon ba. Za a wanke! Ranar rabon gona ruwa ne. Ranar biki ruwa ne. Ranar da tsoho zai kwanta a rasa mai jinya, ruwan zafi ne da sabulu. Kuma ba kai za ka zaɓi ranar ba.

In ya zuba kuwa, ba a kan mai laifin yake sauka ba, ba kuma a kanka ba. Ja ba ya ɓata ja. Fari yake nema. Yaran da suka tashi ba su san dalilin da ya sa ba a gaisawa da gidan kawunsu ba. Sabon mai bi da ya shigo yana tsammani ya sami mutanen kirki. Tsohuwar da ba ta da abin kallo a duniya sai zaman lafiyar 'ya'yanta. Su ne za su sunkuya su nemi farin su rasa, su ce laifin idonsu ne, su ce ashe ba wani haske a wurin nan tun farko. Kai kuma kana tsaye ka sani, ka yi shiru.

Ubangiji yana wanke abin da ya fi wannan muni, ban musa ba. Amma ka kawo masa a kwano, a buɗe. Kada ka ɗinke shi a ƙarƙashin murmushi ka zo kana yi masa waƙa.

Na ce akwai wanda ya yi ƙarya a gaban dattawa. Tun da na fara, wani suna yake yawo a zuciyarka, kuma ba sunan maƙaryacin ba ne, sunan wanda ka ce ka yafe wa ne. To, ga ƙoƙo, ga ruwa. Ka jefa sunan nan a ciki, ka ɗan jira, ka leƙa. In ruwanka ya fito garau, tashi tsaye a gaban jama'ar nan ka ce ƙarya nake yi.